Tsarabar Masar

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa mana ƙasa, ya hore mana hanyoyinta na tudu da na ruwa da na sama, ya kuma raba arziki tsakanin bayinsa bisa hikimarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana mazauna ƙasashen waje, ni ba malami ba ne. Injiniyan lantarki ne ni, shi na karanta, da shi kuma nake ci. Sai dai wanda ya taka ƙaya a hanya, haƙƙi ne a kansa ya juyo ya gaya wa na bayansa su kula. Ƙayar da na taka tana cikin wata kalma da dukkanmu muka sani, wadda ake tarbarmu da ita tun kafin mu sauke jaka a ƙofar gida, wato tsaraba.

A farkon shekarar 2025 na ɗauki hutu daga wurin aikina a Ingila, na je Kano na ɗauko mahaifiyata, muka nufi Alƙahira domin a yi mata aikin gwiwa. Kamar yadda yawancin masu zuwa jinya Masar suke yi, mu ma ɗalibi muka jingina da shi. Ɗan ƙanin mahaifina ne, yana karatu a Azhar. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi ne tafintanmu a asibiti, shi kuma ya sama mana ɗaki a ƙasa, saboda Hajiya ba ta iya hawa bene, kusa da inda yake zaune a unguwar da ake kira Arba wa Nus. Ma'anar sunan ita ce huɗu da rabi, an ɗauko shi daga alamar kilomita huɗu da rabi ta hanyar da ta tashi daga Alƙahira zuwa Suwais. Unguwar tana gefen Madinatu Nasr, a yankin Izbatul Hajjana, kuma ta masu ƙaramin ƙarfi ce: benaye na jan bulo a matse da juna, lunguna da adaidaita-sahu kaɗai ke iya ratsawa, da wayoyin wuta da aka jajjawo daga gini zuwa gini ta yadda duk mai aikin lantarki zai kalla ya yi salati. Akwai Misirawa da suka baro karkara, akwai mutanen Sudan ta Kudu, akwai 'yan Sudan waɗanda yawansu ya ƙaru bayan yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023, sannan akwai ɗalibanmu na Afirka ta Yamma da aljihunsu bai kai hayar Hayyul Ashir ba. Mako shida muka yi a can.

Na baro Kano da wata takarda a aljihu. Tun ranar da aka ji za mu tafi, saƙonni suka fara shigowa, sai na riƙa rubutawa don kada in manta. Mutum goma sha ɗaya ne, kuma tara daga cikinsu na'ura suke so: wannan waya, wancan agogon da ake haɗawa da waya, wata abin sauraro na kunne mara igiya, wani kwamfutar tafi-da-gidanka. Mutum biyu kawai suka nemi wani abu dabam, ɗaya jallabiya, ɗaya man habbatus sauda. Babu wanda ya ba ni ko kwabo. Kowa ya ɗauka cewa wanda yake aiki a Ingila, kuma ya iya kai mahaifiyarsa asibiti a Masar, waya ba za ta gagare shi ba. Ni ma ban musa wa kowa ba, domin kunya da son a ce ɗan gidan wane ya yi arziki sun rufe mini baki.

Da aka yi aikin lafiya, Hajiya ta fara takawa da sanda, sai na ce wa ƙanen nawa ya raka ni kasuwa. Ya kai ni titin Abdul'aziz da ke kusa da Ataba, inda shagunan waya da kayan lantarki suka jeru tun daga farkon titi har ƙarshensa. Na riƙa tambayar farashi ina juya shi zuwa naira a kaina. Abin da na gano ya ba ni kunya, domin ya kamata in san shi tun daga gida. Yawancin waɗannan kaya daga masana'antun Sin da Biyetnam da Indiya suke fitowa, su ne dai ake sauke wa 'yan kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Babu wata albarka da ke shiga waya don ta bi ta Alƙahira. Ga shi kuma a ranar 6 ga Maris 2024 Masar ta saki darajar kuɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan fam 50, sannan daga Janairun 2025 hukuma ta fara karɓar harajin da ya haura kashi ɗaya bisa uku na farashi a kan wayoyin da aka shigo da su daga waje. Naira ita ma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta dawo hayyacinta ba. Da na gama lissafi sai na ga wasu kayan sun fi araha a Kano. Abin da ake so in saya da tsada shi ne a ce daga waje ta zo.

A cikin wannan yawo ne na lura da wayar da ke hannun ƙanena. Ta fi tawa, kuma na san kuɗinta. Na kuma san cewa mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ce ke turo masa ɗan abin da ta samu daga ɗinki da adashi. Na ga abincinsa: wake da gurasa da safe, wake da gurasa da dare. Na lura kuma duk inda ya hango 'yan sanda sun tsaya, sai ya canza hanya. Ban ce komai ba sai da dare, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar ɗaki, na tambaye shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya faɗa mini. Bashi ya ɗauko wayar a wurin wani ɗan kasuwa, a kan zai riƙa biya wata-wata, da sharaɗin duk watan da ya makara za a ƙara masa wani abu. Da yake baƙo ne, ba shi da wanda zai tsaya masa, sai ya ajiye fasfonsa jingina. Takardar izinin zamansa ta ƙare wata huɗu da suka wuce, ba shi da fasfon da zai sabunta ta, kuɗin da aka turo masa don haka kuma ya tafi wajen biyan bashi. Jimillar kuɗin wayar ya kai hayar ɗakinsa ta kusan shekara guda.

Raina ya ɓaci, na fara yi masa faɗa. Na ce da shi, kai da aka turo neman ilimi, me ya kai ka wannan? Sai ya ɗago kai, cikin ladabi, ya ce, "Yaya, ka tuna ranar da ka dawo daga karatun digirinka na biyu? Ina cikin yaran da suka ɗauki akwatunanka. Na ga yadda aka taru a tsakar gida ana buɗe kwalaye, na ga yadda ake sa maka albarka. Ni kuma da na je hutu bara da littattafai a jaka, abokaina suka ce ko dai a Zariya nake karatu ake cewa Masar." Na rasa abin da zan ce masa. Na tuna ranar sarai. Abin da bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a gidanmu, shi ne kayan da ke cikin akwatunan nan da katin bashi na banki na saye su, kuma sai da na yi fiye da shekara ina biya da kuɗin ruwa. Na ɓoye wahalar, na nuna kwalliyar, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tsaya yana kallo yana koyo.

Ashe Hajiya tana jinmu ta bayan labule. Ita ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari. Ta ce, "Injiniya, ka sassauta masa, tare kuka yi laifin. Ku dai kun iya sayen abin da zai mutu kafin a gama biyan kuɗinsa. Kakanku da ya je Makka, abin da ya dawo da shi Jalalaini ne bugun Masar, ga shi can har yau baffanku yana karantawa a zaure." Daga nan ta koma ta kwanta, ta bar mu da maganar.

Ya 'yan'uwa, bari in gaya muku abin da sana'ata ta sani game da maganar Hajiya, domin gaskiya ta faɗa ko da ba ta shiga aji ba. Batirin da ke cikin wayoyinmu yana tsufa ne da kowane caji. Kamfanonin da kansu suna bayyana cewa bayan an cika shi an ƙarar sau 500 zuwa 1,000, ƙarfinsa kan ragu zuwa kusan kashi 80 cikin 100, kuma zafi irin namu yana gaggauta wannan tsufa. Wanda ke caji kullum, cikin shekara biyu ko uku zai fara jin canji. Bayan wasu shekaru kuma a daina sabunta manhajar, sai wayar ta fara ƙin karɓar abubuwan da ake buƙata. Kowace shekara ana fito da sabuwa, farashin ta bara ya faɗi, wanda ya yi taƙama da ita jiya ya koma yana ɓoye ta a aljihu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Can ne makomar duk abin da ke cikin takardar aljihuna. Saboda abin da ƙarshensa juji ne ɗan'uwana ya jinginar da fasfonsa, ya koma yana gudun 'yan sanda a ƙasar da ya zo neman ilimin addini.

Wannan jarrabawa ba a kanmu aka fara ta ba, kuma a wannan birni ma ta taɓa kama wanda ya fi mu dukiya nesa ba kusa ba. A shekarar 1324 Mansa Musa, sarkin Mali, ya sauka a Alƙahira a hanyarsa ta zuwa hajji. Shi da jama'arsa suka yi ta kyauta da sayayya da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, kuma masanin tarihi Al-Umari, wanda ya tattara labarin kimanin shekara goma sha biyu bayan haka, ya ce har lokacin ba ta gama farfaɗowa ba. 'Yan kasuwar Masar sun gane baƙin nan ba sa tayawa, suka riƙa ninka musu farashi. Da sarkin ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun attajiran garin kafin ya iya komawa gida. Ɗaya daga cikin masu bin sa bashin, Sirajuddin ɗan Kuwaik, ya bi shi har Mali, ya rasu a Tumbuktu, kuma Ibn Baɗuɗa ya ambaci kabarinsa a can. Ba don in rage darajar wannan sarki mai alheri na kawo labarinsa ba, Allah ya jiƙansa. Na kawo shi ne don mu ga cewa idan kasuwar Alƙahira ta iya sa mai rijiyoyin zinariya cin bashi, ɗalibin da ke jiran adashin mahaifiyarsa ba shi da dalilin amincewa da kansa.

Ku duba kuma ɗaya nau'in tsarabar da ta fito daga birnin nan ta isa ƙasarmu. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu kowane Ramadan, daga Sakkwato zuwa Damagaram, malamai biyu na Alƙahira ne suka rubuta shi, Jalaluddin Mahalli da almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Shi Suyuɗin har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas. Mukhtasar na Shehu Khalil, da Iziyya, da Ishmawi, waɗanda kowane almajirin zaure ya san su, duk malaman Masar ne suka wallafa. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a wannan gari don ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma aka san Barnawa da sashensu a cikin masallacin Azhar. Magabatanmu sun keta Sahara a kan raƙuma, watanni suna tafiya, kowane kaya da suka ɗora sai sun auna nauyinsa da amfaninsa, kuma abin da suka zaɓa su ɗauko shi ne muke ci har yau bayan shekara ɗari biyar. Mu jirgi ke kai mu Kano cikin 'yan sa'o'i, muna dawowa da abin da ba zai kai shekara biyar ba.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce waya haramun ce ba, kuma ba ni da ikon faɗin haka. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawa da daɗaɗan abubuwan da ya fitar wa bayinsa. Da waya Hajiya ta riƙa ganin jikokinta daga gadon asibiti, da ita ɗalibai ke sauraron darussan malaman Azhar, da ita muke aika wa iyayenmu kuɗi cikin minti guda. Tsaraba ita ma aba ce mai kyau, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta saboda tana dasa soyayya, ya kuma kasance yana karɓar kyauta yana sakawa. Inda matsalar take shi ne ma'auni da niyya. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah ya siffanta bayinsa na gari da tsayawa a tsakiya wajen kashe dukiya, tsakanin ɓarna da ƙwauro. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, bayan ya yi umarni a bai wa dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu, sai ya hana almubazzaranci, ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. Suratut Takasur gaba ɗayanta gargaɗi ce a kan gasar tara abin duniya, ta kuma rufe da cewa za a tambaye mu game da ni'ima. Wayar da aka saya domin aiki ni'ima ce da za a gode wa Allah a kanta. Wadda aka saya domin idon mutane kuwa, an biya kuɗi ne an sayo riya.

Sai batun bashi, wanda muka mayar kamar wasa, muna cewa hanji ne yana cikin kowa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka da yadda za a rubuta shi. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi mata salla saboda akwai bashi a kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya da farashin da ya ɗara na hannu idan za a biya sannu a hankali, muddin an yanke farashin tun farko. Amma ƙarin da ake ɗorawa saboda an makara biya, wannan riba ce, haka ma kuɗin ruwan katin banki da ni na biya. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne a cikinmu, a Landan ko Jidda ko Kuala Lumpur ko Alƙahira, suka shiga riba domin kawai kada a ce sun dawo hannu rabbana? Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar alƙiyama ba sai an tambaye shi game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. A ranar babu ɗaya daga cikin masu yi mana kirari a tsakar gida da zai amsa mana.

Saboda haka ga nasihata, kuma kaina nake fara yi wa ita. Mu da ke waje mu daina ɓoye wa 'yan'uwanmu gaskiyar rayuwarmu. Mu gaya musu nawa muke biyan haya, nawa haraji ke ci, awa nawa muke tsaye a wurin aiki. Hoton da muke ɗauka a gaban manyan kantuna mu watsa, alhali a ɗaki ɗaya muke kwana mu huɗu, shi ne ke sa a yi wa rogo kallon kitse, shi ne kuma ke tura ƙannenmu su jinginar da abin da bai kamata ba. Kafin mu sayi kowace na'ura, mu tsaya mu ga ko akwai aikin da za ta yi mana wanda ta hannunmu ta kasa, ko za mu iya biya ba tare da bashi ba, kuma ko za mu saye ta da a ce babu wanda zai gan ta. Idan tsaraba za mu yi, mu ware mata abin da za mu iya tun kafin tafiya, mu fara da iyaye da mabuƙata, mu zaɓi abin da zai yi amfani a gidan da za a kai shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa a sha'anin duniya mu riƙa duban na ƙasa da mu, domin kada mu raina ni'imar Allah. Wanda ya zauna mako guda a Arba wa Nus, ya ga matar da ta baro gidanta a Khartum tana sayar da shayi a bakin lungu don ta ciyar da 'ya'yanta, zai ji nauyin yin ƙorafi a kan cewa wayarsa ta bara ce.

Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida kuma, idan wannan rubutu ya isa gare ku, ku ji tausayin 'ya'yanku. Ɗalibin da kuka tura karatu ba fatauci ya tafi ba. Idan ya dawo hutu, ku tambaye shi littafin da ya sauke da jarrabawar da ya ci, ku sa masa albarka a kan wannan a gaban ƙannensa, domin yara suna lura da abin da ake yabo. Wanda ya kai mara lafiya asibiti kuma addu'a yake buƙata, kada a bi shi da jerin saƙo. Ƙungiyoyinmu na ƙasashen waje su ma suna da rawar takawa: a riƙa zaunar da sababbin zuwa a faɗa musu haɗarin bashi, a gargaɗe su kada su taɓa bai wa kowa fasfonsu jingina, a kuma kafa ɗan asusun rance mara ruwa domin wanda buƙata ta gaskiya ta kama, kamar kuɗin izinin zama ko magani.

Ga yadda tamu ta ƙare. Washegari muka je wurin ɗan kasuwar. Aka sayar da wayar da hasara, domin wata bakwai kawai ta yi amma darajarta ta zube, na cika ragowar daga kuɗin da na ware wa tsaraba, muka karɓo fasfo. Ya biya tarar jinkiri, aka sabunta masa izinin zama, ya sayi ƙaramar waya da ke yin duk abin da ɗalibi ke buƙata. Daga nan ya kai ni Darbul Atrak, lungun masu littattafai da ke bayan masallacin Azhar, na saya wa baffanmu sabon bugun Jalalaini mai manyan baƙaƙe saboda idonsa ya yi rauni. Na saya wa Hajiya na'urar awon hawan jini, ita kaɗai ce na'urar da ta shiga jakata. Mai jallabiya ya samu, mai man habbatus sauda ta samu. Sauran tara na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce ban samu iko ba. Wasu sun fahimta. Wasu sun yi fushi, akwai ma wanda har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma ba zan ce abin bai dame ni ba. Sai dai na gwammace fushin wata biyu ko shekara a kan in sake koya wa wani yaro abin da na koya wa wannan.

A filin jirgin Alƙahira, da muka zo awon kaya, na ga wani bawan Allah ya durƙusa ya buɗe akwati yana fitar da kwalaye, domin ya haura kilo 23 da aka yarda masa, kuma ba shi da kuɗin biyan ƙari. Sai na tuna hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dafa kafaɗarsa ya umarce shi ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa a hanya. Babu wanda ya kamata ya fahimci wannan hadisi kamar mu. Mun san zaman baƙunci, mun san takardar izini mai ranar ƙarewa, mun san cewa duk abin da ka tara sai an ɗora shi a ma'auni kafin a bar ka ka wuce. Akwai wani awon a gabanmu wanda ba a buɗe akwati a rage kaya, ba a kuma biyan kuɗin ƙari.

Ya Allah ka wadatar da mu da halal ɗinka ga barin haram ɗinka. Ka biya wa masu bashi bashinsu, ka sanya mana wadatar zuci, ka tsare mu daga riya da gasar abin duniya. Ka ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ka mayar da su gida lafiya da abin da zai amfani al'umma. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, ka mayar da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararsa, ina kuma roƙon malamanmu su gyara mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.